Gaisuwa Kawai Na Ce Masa

Nekatai ɗin wuyansa sabo ne, har da sauran karin ninkin kanti a tsakiya. Shi na fara gani da Zailani ya fito daga tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta Bayswater a London. Wanda zai je gaisuwa kawai ba ya sayen sabon nekatai.

"Me ya hana ka sa kaftani?" na ce.

"Yana wurin wanki. Ai Baba ɗan kasuwa ne, ya saba ganin kwat."

"Zailani... gaisuwa kawai. Ka durƙusa, ka gaishe shi, ka sha shayi, ka tafi. Sauran maganar ta kawunka ce, a Kano, bayan salla."

"Na ji, abar ƙaunata. Sau nawa za ki faɗa?"

Na ji ya ce. Bai ce ya yarda ba.

A lokacin kuɗin mai sun buɗe wa 'yan kasuwarmu duniya. Mahaifina, Alhaji Maharazu, siminti da injuna yake shigowa da su, har ya sayi sashen gida a wani bene a London inda nake zaune da ƙanwarsa Gwaggo Hansai. Mutanen Holan da na Koriya ne suka fi zuwa wurinsa ciniki. Tun ina kai musu shayi nake mamakin yadda suke magana, har da na zo digiri na biyu na zaɓi in kwatanta harsunan nasu.

Koriyanci a wurin Malama Yun nake koya, matar wani ma'aikacin banki da ke unguwar New Malden. Holanci kuwa Zailani ne malamina. Ya daɗe a garin Delft na Holan yana karatun gina tashar jiragen ruwa, wata ƙawata ta haɗa mu don ya gyara min lafazi. Lafazin bai gyaru ba, zuciyata ce ta tafi.

Shi ya koya min cewa Holanci ƙanin Turanci ne da ya kamu da mura, komai daga maƙogwaro. "Kai" ɗin da ake ce wa mutum iri biyu suke da shi, na girmamawa da na sabo, kuma da an sha kofi tare sai a jefar da na girmamawar. In Baholande zai ƙi abu, "nee" zai ce yana kallon tsakiyar idonka, gobe kuma ku gaisa lafiya.

Koriyanci kuwa kamar a gidanmu aka raine shi. Ba ka iya buɗe baki sai ka san wa ya girme ka, domin kowace magana da wutsiyar ladabin da take ja. Ba a kiran babba da sunansa. Malama Yun ta taɓa ce min, "Idan tsoho ya fara yi wa yaro ladabi fiye da kima, to ya fitar da shi daga gidansa ne."

Zailani dariya ya yi da na gaya masa. "Ɓata lokaci ke nan. Mutum ya faɗi abin da ke ransa, shi ne mutunci."

Wannan halin nasa na so. Shi kuma nake tsoro yau.

Baba yana zaune a falo da carbi a hannu, kwanansa kaɗan da zuwa London ganin likita. Zailani ya cire takalmi, na ji sanyi a raina. Ya durƙusa ya gaishe shi. Sai dai da Baba ya nuna masa kujera, irin tayin da ake yi don a ƙi, sai ya hau ya zauna. Har ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya kafin ya tuna ya sauke.

Na gudu kicin. Gwaggo tana jera kofuna a kan tire.

"Yaron nan a kan kujera ya zauna?" ta ce cikin raɗa.

"Baba ne ya ce ya zauna, Gwaggo."

"Hmm. To Allah ya kyauta."

Na ɗauki tiren. Na kai, na zuba, na koma bayan ƙofa na tsaya.

Da farko lafiya lau. Baba yana tambayarsa game da jiragen siminti da suka yi cirko-cirko a bakin ruwan Legas, Zailani yana masa bayani dalla-dalla. Har na ji Baba ya ce, "Kai yaro, ka san aikinka." Na lumshe ido ina godiya ga Allah.

Sai na ji an ajiye kofi.

"Alhaji, akwai maganar da ta kawo ni."

Na riƙe marfin ƙofar.

"Na samu aiki a gida, watan gobe zan koma. Ba na son in tafi da ɓoye-ɓoye. Ina son 'yarka, ita ma tana sona. Na zo neman aurenta."

Carbin Baba ya daina ƙara. Ina jin motoci suna wucewa a titi, ina jin numfashin Gwaggo a bayana.

"Ba ka da manya ne?" Baba ya tambaya a hankali.

"Mahaifina ya rasu. Ina da kawu a Kano, kuma zai zo. Amma ni zan zauna da ita, ba shi ba. Na ga ya fi gaskiya ka fara ji daga bakina."

"Innalillahi," in ji Gwaggo. "Da bakinsa... kamar mai tayin akuya."

Na jira Baba ya yi faɗa. Na roƙi Allah ya yi faɗan, domin wanda Baba ya yi wa faɗa nasa ne.

"Madalla, Injiniya," Baba ya ce, muryarsa da taushi. "Allah ya ba ku nasara. Kun yi ƙoƙari da kuka tako har nan, ranku ya daɗe. A ƙara muku shayi?"

"Na gode, Alhaji," in ji Zailani, da fara'a a muryarsa.

Bai gane ba. Ɗazu yaro ne, yanzu ya zama ranku ya daɗe. Hawaye suka cika min ido.

"Saudatu."

Tun da aka haife ni Baba bai taɓa kiran wannan sunan ba. Sunan mahaifiyarsa ne, Uwata yake ce min. Gwaggo ta tura ni da yatsa, na fita na zube a kan kafet, kaina a ƙasa.

"Abu ɗaya zan tambaye ki. Baƙon nan ya daɗe a ƙasar wasu, ƙila ya manta yadda ake yi. Ke kuwa a gidana kika tashi. Da saninki ya zo min da wannan magana?"

Na fahimci ƙofar da ya buɗe min. In na ce a'a, ni ɗiya ce ta gari, shi kuma baƙo marar tarbiyya da za a raka bakin ƙofa a manta da shi. Kuma a'a ɗin ita ce gaskiya.

Na saci kallon Zailani. Fara'ar ta bar fuskarsa. Ya zame daga kujerar zuwa ƙasa a hankali, sai yanzu.

"Alhaji, ba ruwanta, ni ne na..."

"Ba da ku nake ba, ranku ya daɗe."

Na ɗago kaina. Ni da ko a aji ba na iya ɗaga hannu.

"Da sanina, Baba," na ce. "Ni na ce ya zo... Ina son sa. In laifi ne, namu ne mu biyu."

Gwaggo ta saki salati daga kicin.

Na rarrafa na kama gefen babbar rigarsa. "Baba, ka yi min faɗa. Don Allah ka ce wani abu... ko zagi ne."

Ya daɗe yana kallona. Ba fushi na gani a idonsa ba, da fushi ne da na ji sauƙi. Irin kallon da yake wa 'ya'yan maƙwabta ne in sun shigo gaisuwa.

Ya sa hannu ya zare rigarsa daga yatsuna, ɗaya bayan ɗaya, ba tare da ya ji min ciwo ba. Ya miƙe, ya zura carbin a aljihu, ya ɗauki kwat ɗin sanyinsa daga jikin ƙusa. Ya tsallake takalman Zailani a bakin ƙofa, ya fita, ya ja ƙofar a hankali har ta rufe.