Reshen Fiya da Kafinta Ya Yanke

Ranar da abin ya fara, kafinta ya dawo daga shago rana ta riga ta yi ja, garin katako fal a girarsa. Bai ko cire rigar aiki ba ya zagaya bayan gida, wurin 'yar bishiyar fiyar da matarsa ta dasa wata bakwai kafin ciwon da ya ɗauke ta.

Shekara uku ke nan yana renon bishiyar. Safe da yamma yana zuba mata ruwa a ɗan kwarin da ya haƙa kewaye da ita. Yana shimfiɗa busasshiyar ciyawa don ƙasa ta riƙe danshi, yana sa taki nesa da gindi don kada ya ƙone ta. Ya kafa mata sanda, ya ɗaure ta da tsumma mai laushi saboda iska. Da ta yi furen fari, da hannunsa ya tsinke shi kaf, don ƙarfinta ya tafi ga saiwa. Auta, 'yarsa mai shekara goma sha biyar, wadda ita kaɗai ta rage masa a gida, takan tsokane shi.

"Baba, tsakanina da fiyar nan, wace ce 'yar taka?"

"Wadda ba ta mayar mini da magana," in ji shi.

A wannan yammacin ya ga wani reshe ya lanƙwaso ciki yana gogar ɗan'uwansa, har ɓawon ya saluɓe. Ya ɗauko ƙaramin zarto. Hankalinsa na can wurin marigayiyar da ta dasa ta, ko bisimilla bai yi ba. Reshen na faɗuwa ya ji wani siririn kuka, kamar na ɗan kyanwa, sau ɗaya tak. Sai unguwar ta yi tsit, har kajin maƙwabta suka daina motsi.

Washegari da almuru duwatsu suka fara sauka kan kwanon rufi, ɗaya bayan ɗaya, a hankali, kamar ana ƙirga su. Ya fita da tocila, bai ga kowa ba. Ya ɗauki ɗaya, ya ji shi da ɗumi. Kwana na biyu, a daidai wannan lokacin, suka jiyo muryar mace a bayan gida tana rarrashin jariri. Auta ta riƙe hannun rigarsa.

Kwana na uku ya dawo ya tarar da tukunya na ƙonewa a kan wuta. Ya kira Auta, shiru. A gindin fiya ya same ta zaune a ƙasa, ta naɗe yankakken reshen nan cikin zane, ta rungume shi tana jijjigawa.

"Auta?"

Ta ɗago kai. Fuskar tata ce, amma kallon ba nata ba ne.

"Yi a hankali," in ji wata murya mai kauri daga bakinta. "Ba ya son hayaniya."

Kwana tara ba ta ci abin kirki ba, ba ta kuma saki reshen ba. A asibiti aka auna jini, aka duba ido, aka ce ba a ga komai ba. Daga nan ne kafinta ya je ya durƙusa gaban wani tsohon malami da ke koyarwa a ƙarshen layinsu, mutum mai ƙarancin magana da aka sani da yi wa irin wannan lalura addu'a.

Malam ya zo bayan la'asar. Ya zauna kan tabarma nesa kaɗan da yarinyar, ya fara karatu, muryarsa ba ta hawa ba ta sauka. Inuwar katanga ta yi ta tsawo har ta rufe su. Can sai jikin Auta ya hau rawa.

"Ya isa, Malam," in ji muryar nan mai kauri. "Kana ƙona ni."

"Wace ce ke, kuma me kike nema a jikin yarinyar mutane?"

"Ni maƙwabciyarsu ce. Tun bishiyar nan tana da ganye shida nake cikinta. Mai dashen ta san da ni, ba ta taɓa zuba ruwa ba sai ta yi sallama." Muryar ta karye. "Ɗana na barci a kan reshen nan. Wannan mutumin ya sa zarto."

Kafinta ya dafe kai. "Wallahi ban sani ba," ya ce. "Gyara ta nake yi, don ta yi 'ya'ya."

"Na ga gyaran. Ka ba ni taka a madadin nawa."

"Ba za a ba ki ba," in ji Malam. "Bai gan ki ba, kuma yarinya ba ta yanki komai ba. In an cuce ki, akwai Mai sakayya. Ki fita."

Ta daɗe tana kuka da idanun Auta. Sannan ta juyo ga kafinta.

"Matarka a nan take zuwa ta yi kukanta, lokacin da take ce maka ta ji sauƙi. Ta ce in ta tafi, ba ta san wa zai kula da kai ba."

Ya matso da rarrafe. "Me kuma ta ce? Don Allah, me kuma?"

Malam ya tare shi da hannu. "Kada ka biye mata. Ba mu da hanyar sanin gaskiyarta." Ya ci gaba da karatu, har muryar ta yi laushi.

"Zan fita. Amma ba zan iya zama a gidan nan ba, ba kuma zan iya rabuwa da bishiyar ba. Ya tone ta da saiwarta, ya kai ta bakin rafin bayan gari. Kada ya sake zuwa ganin ta."

Malam ya dubi kafinta. Kafinta ya dubi 'yarsa, ya ga yadda ƙasusuwan wuyanta suka fito.

"Na yarda."

Auta ta yi atishawa sau uku, reshen ya suɓuce daga hannunta, ta kife sai barci.

Da sassafe ya haƙa da faɗi don kada ya ji wa saiwa ciwo. Ya naɗe dunƙulen ƙasar da jiƙaƙƙen buhu, ya ɗora a baro, ya tura har rafi. Ya dasa ta daidai zurfinta na da, ya danne ƙasa da tafin hannu. Ya binne reshen a gefenta, da zanen da komai. Sau huɗu yana ɗebo ruwa, ko da yake biyu ma sun isa. Da ya rasa abin da zai ƙara yi, sai ya juya baron.

Ya tarar da Auta ta tashi, tana tsaye a bakin ramin, ta dafa katanga.

"Baba, ina fiyar Umma?"

"Na mayar da ita inda ruwa ya fi yawa."

"Yaushe za mu je mu gan ta?"

Ya kawar da kai, ya jingine baron. Ta daɗe tana kallon sa, ba ta sake tambaya ba. Ta sunkuya ta fara tura ƙasa cikin ramin da hannunta, shi ma ya durƙusa kusa da ita, suka yi ta cikewa har ya shafe.