Waya Ɗaya a Cikin Kwano

Ranar da Nu'uman ya kama aiki a wata 'yar tashar rediyon intanet da ke Daura, muryar Siddiƙa ya fara ji kafin ya ga fuskarta. Shirin lafiyar dabbobi take gabatarwa duk Lahadi da hantsi, tana bayanin ciwon huhun shanu kamar mai rarrashin jariri. Da ta fito ta yi masa sannu da zuwa, nan take bawan Allah ya kamu da sonta.

Aikinsa shi ne duba kwamfuta ya ga wayoyi nawa suka kama kowane shiri, kuma minti nawa suka daɗe suna saurare. Shi ya sa take kiransa Mai Ƙidayata. Kafin damina ta wuce, manyansa sun kai kayan na-gani-ina-so gidan mahaifinta, Alhaji Mainasara, dillalin shanu a Mai'adua.

Sai shugaban tashar ya nemi rahoto. Nu'uman ya duba kwamfuta. Wayoyi bakwai ne kacal ke kama shirinta, shida sukan fice kafin minti uku. Ɗaya ce ke zama har awa guda ta cika, da layin Nijar. Nan take zuciyarsa ta raya masa Badaru ne, wani ɗan kasuwar Mai'adua da ya daɗe yana neman Siddiƙa, wanda ke yawo da irin wannan layi. Kishi bai bar shi ya tambayi kowa ba. Ya rubuta "mai sauraro ɗaya", ya miƙa. A satin aka soke shirin.

Saƙonta ya shigo bayan la'asar:

"Mai Ƙidayata, shekara biyu ina wannan shiri. Ko tambayata ba ka yi ba? Ka sa na ji kamar da bango nake magana."

Ya rubuta: "Sanyin idona, abin da na'ura ta nuna na faɗa."

Kwana uku bayan haka aka mayar da kayansa, ko ƙulli ba a kwance ba. Ya ji labarin Badaru ya tura nasa manyan. Nu'uman ya rame, abinci ya daina shiga, ya fid da rai da ita.

Ranar Lahadi ya hau babur zuwa kasuwar Mai'adua, don dai ya nemi gafara kafin ya haƙura. Ya tarar da Alhaji a wata rumfa a bakin kara, inda ake cinikin shanu, makiyaya da dillalai sun kewaye shi. A tsakiyarsu ga wani kwano, an jefa waya ciki don sauti ya ƙaru. Wayar shiru take.

Ya durƙusa ya ce, "Baba, barka da hantsi."

Alhaji ya dube shi ya ce, "Kai ne mai ƙidayar? To ƙidaya mu."

Ya ƙidaya. Mutum talatin da huɗu.

"Wayata ce, layin Nijar ya fi kamawa a nan," in ji Alhaji. "Duk Lahadi nan muke taruwa mu ji 'yata. Yau ma sabo ne ya tara mu."

Nu'uman ya kifa kai ya yi kuka a gaban mutane, ya faɗi abin da ya zarga, bai rage komai ba. Washegari ya kai gyararren rahoto, amma shugaban ya ce an riga an ba wani shirin lokacin. Nan ma ya koma ya gaya wa Alhaji da bakinsa. Tsohon ya ce, "Ka yi wauta, amma ba ka iya ƙarya ba. Je ka nemi yardarta."

Wata biyu yana nema kafin ta rubuto: "Ka turo manyanka."

An ɗaura aure bayan sallar Juma'a, mutanen rumfar nan suka cika sahu, suna Allah ya ba da zaman lafiya da zuri'a ɗayyiba.

Shirin bai dawo ba. Duk Lahadi da hantsi Nu'uman kan ɗauki amaryarsa zuwa bakin kara, ta zauna tana amsa tambayoyin makiyaya. Shi kuwa yana gefe, ba kwamfuta, yana saurare har ta gama.