Hayaƙi Babu Ƙamshi

Ruwa Haladu ya tsaya nema ranar da ya fara ganin Safara'u. Babur ɗinsa ya ɗau zafi a hanyar Indabo, shi ma ya ɗauka. Ya yi sallama a ƙofar wani gida, ta fito da moɗa.

Ya sha. Ya ƙi mayar da moɗar.

"Malam, ruwan ne sadaka, ban da moɗar," in ji ta.

"In na tafi da ita ai dole ki biyo ni."

"In bi wannan babur ɗin? Akuyarmu ta fi shi gudu."

Ya yi dariya. Shi kuwa ba mai yawan dariya ba ne.

Haladu shi ne mai kai kaya na ƙungiyar ciyarwa ta Wudil. Masallacin unguwarsu ne ya kafa ta, shekarar da kogi ya cinye gonaki. Daga baya 'yan cocin jami'a suka shigo, Madam Comfort ce a gabansu. Masallaci ya tara zakkar hatsi, coci ya tara baikon Lahadi, Haladu ya ɗaure a bayan babur ya shiga ƙauyuka.

Daga ranar nan duk hanyarsa ta koma bi ta Indabo. Yana kiranta Safa, tana kiransa Mai Akwala.

*Safa, yau ma ƙishirwa nake ji,* ya rubuta mata.

*Rijiyoyin Wudil sun ƙafe ne? To zo, Mai Akwala. Amma ka bar min moɗata.*

Kullum da la'asar hayaƙi na tashi daga gidansu, kamar na kowa. Sai dai wanda ke yini cikin tukwane ya san hayaƙin girki. Wannan babu daddawa, babu ƙaurin tuwo. Fari ne kawai, na kara. Kuma wuyan hannun Safara'u sai ƙara sirancewa yake.

"Me ake dafawa a ciki?" ya tambaye ta wata rana.

Ta sassauta murya.

"Ruwa. Inna ce ke ɗorawa, don maƙwabta su ga hayaƙi. Baba da yake fitar da zakka dami-dami, yau a ce gidansa ba a ɗora tukunya ba? Haladu, kai kaɗai na faɗa wa. Ka riƙe min."

"Na riƙe."

Bai riƙe ba. Ya gaya wa shugaban ƙungiya, ya roƙa a kai a ɓoye. Shugaba ya ce Abdulbaƙi ya tsara.

Abdulbaƙi shi ne mai ɗaukar hoton ƙungiya. Ya taɓa neman Safara'u, ta ce ba ta so. Bai manta ba.

"Limamin Indabo za mu ba, ya san yadda zai yi," ya ce wa Haladu. "Kai dai ɗauko buhun."

Ranar Juma'a ce, an sallame, masallaci cike. Haladu na tsaye da buhun masara a kafaɗa sai ya ji lasifika ta buɗe.

"Malam Gwadabe ya matso ya karɓi tallafin mabuƙata."

Mahaifin Safara'u ya miƙe cikin babbar rigarsa da ta sha guga. Ya ratsa mutanen da ya taɓa ciyarwa. Ya sa hannu a kan buhun, don babu inda zai sa shi. Abdulbaƙi ya ɗaga waya.

"Baba, ɗan yi murmushi. Masu taimako na son shaida."

Kafin magariba hoton ya zaga wayoyin Indabo. A majalisa aka raɗa masa Gwadabe Buhu. Waɗanda suka fi dariya, da yawansu su ma ruwa ake dafawa a gidajensu.

Saƙonta ya shigo.

*Na ba ka cikin gidanmu, ka kai shi lasifika. Kada ka ƙara jin ƙishirwa a ƙofarmu.*

*Safa, wallahi a ɓoye na ce a kai. Yunwarki ce na kasa kallo.*

Ta karanta. Ta ajiye wayar.

Malam Gwadabe ya jingine buhun a zaure, ya rantse duk wanda ya kwance shi ya fita daga gidansa. Inna ta daina ɗora ruwan, tunda babu sauran wanda za a ɓoye wa. Iya Yelwa, tsohuwar da ta haifi Malam Gwadabe, ta kwanta. Daga tabarmarta ana hango buhun.

Haladu ya je wurin Madam Comfort a jami'a. Ya zauna. Ta riga ta ga hoton.

"Ɗana, mun yi wa mutumin nan mugunta da sunan Allah," ta ce. "Buhu muka ba shi. Me zai mayar mana a cikin buhu?"

"Ban gane ba, Mama."

"Na daɗe a garin nan. Da Kirsimeti in na aika wa maƙwabciyata Sakina shinkafa a langa, ba ta taɓa dawo da ita fanko ba. Ko kuɓewa ce sai ta zuba. In langa ta dawo da abu a ciki, wa ya ciyar da wa?"

Washegari Sakina ta sa mayafi ta shiga gidan Malam Gwadabe da langa a rufe, kamar mai zumunci. Maza ba sa buɗe langar mata. Langa ta dawo da garin kuka. Aka ci gaba haka, tsaba ta shiga, kuka ta fito, ko zogale. Matan masallaci da na coci suka bazu a Indabo da Ɗankaza da langunansu. Babu hoto.

*Kukar ni na daka,* ta rubuto. *Ba wai na yafe ba.*

*Na ji, Safa. Ko miyar ce kaɗai rabona, na gode.*

Ga Iya Yelwa langa ta makara. Aka ɗura mata koko a baki, ya ƙi wucewa. Ta rasu da hantsi. A wurin zaman makoki aka ce tsufa ne. A Indabo ba a mutuwa da yunwa, da tsufa ake mutuwa ko zazzaɓi. Aka fito da makara ta zaure, gefenta ya gogi buhun.

Bayan an share makoki Abdulbaƙi ya turo magabatansa da mota. Malam Gwadabe bai ko shimfiɗa musu tabarma ba. Haladu ya turo kawunsa. Shi an shimfiɗa masa, amma amsar ɗaya ce.

"A ce na sayar da 'yata a buhun masara? Ku gai da gida."

Safara'u ba ta yi kuka a gaban mahaifinta ba. Ta dai daina magana, ta daina fita. Sai wata rana da ta kai masa tuwo ta durƙusa.

"Baba, tuwon nan da kake ci, ka san hanyar da ya biyo. Ni ma na sani. Shi ya ɓata, shi ya gyara. Ni kuma ba ni da wani sai shi."

Bai ɗago ba. Ya cinye tuwon.

Ya aika aka kira Haladu. Bai amsa gaisuwarsa ba, ya nuna buhun da haɓa.

"Inda ka ba ni shi, nan za ka mayar. Ranar Juma'a, a lasifikar. Ka ce ƙarya ka yi. Ka ce gidan Gwadabe bai taɓa kwana da yunwa ba."

"Baba, ƙungiya za ta kore ni. Sunan maƙaryaci zai bi ni."

"Ni wane suna ke bi na?"

Haladu ya kalli buhun, ya fita.

Ranar Juma'a ya sa farar shaddarsa ya ɗauki buhun. Bai yi nauyin da ya sani ba. Ƙwari sun gama da cikinsa, gari na zuba ta saƙar yana bin wuyansa. Ya ratsa sahu, ya karɓi lasifika.

"Jama'a, ni Haladu ƙarya na yi. Don in samu shiga wurin 'yarsa na ce Malam Gwadabe na cikin buƙata. Gidansa bai taɓa kwana da yunwa ba."

Duk wanda ke wurin ya bi gawar Iya Yelwa. Duk suka gyaɗa kai.

"Ai mun faɗa!" wani ya ce. "Gwadabe fa? Kai, yaran zamani!"

Wani ya tofar da yawu kusa da ƙafarsa. Abdulbaƙi ya ɗauki wannan ma. Kafin sati ya zagayo ƙungiya ta karɓe babur, ta ba wani. Madam Comfort ta yi magana, aka ce maƙaryaci ba ya riƙe amanar Allah.

Saƙo ya shigo yana tafe a ƙasa.

*Mai Akwala, yanzu ko akwalar babu. To zo da ƙafa. Na cika moɗa.*

Bayan kaka aka ɗaura aure a masallacin nan. Malam Gwadabe ya zauna a sahun gaba, kansa a ɗage, babu mai kiransa Buhu. Langa ta yi ta shigowa daga Wudil da Ɗankaza, ta Madam Comfort ta fi kowacce girma. Babu wadda ta koma fanko. Liman ya yi addu'a, Allah ya ba da zaman lafiya da zuriya ta gari, ya rufa asiri. A nan ne jama'a suka fi ƙarfafa amin.

Ranar da amarya ta fara girki, Haladu ya dawo daga dako a kasuwa, ya tsaya a tsakar gida ya rufe ido.

"Me kake yi a nan, angona?"

"Shinshina nake."

"Akwai?"

"Akwai, Safa. Har da daddawa."

Ta yi dariya, ta zo ta tsaya kusa da shi. Can bayan katanga wani hayaƙi na tashi, fari, na kara. Dukansu suka gani.

Ta shiga ɗaki ta ɗauko langa.

Allah ya bar su tare, ya sa kada tukunyarsu ta san ruwa zalla.