Kunnen Jandarma

Ranar da Salima ta fara ganin Tasi'u, wallahi da tsintsiya ta yi kansa. Tana sharar ƙofar butik, wato shagon babanta, a unguwar Tahaggart, sai ta hango wani dogon saurayi durƙushe a gindin katanga, yana tura gwangwanin sardin cikin kejin waya.

"Malam, lafiya? Me kake dasa mana a nan?"

Ya ɗago yana murmushi. "Tarkon maguna ne, ƙanwata. Sauke makamin mu gaisa."

Ya gaya mata shi magini ne daga Damagaram. Ranar Juma'a da ba aiki, yana taimaka wa wata likitar dabbobi Balarabiya 'yar garin, Khalida. A kama magunan titi, a yi musu aiki su daina haihuwa, a ɗan datse musu bakin kunne, kwana uku a maido su inda aka ɗauke su.

Salima ta tuna 'ya'yan magen da sanyin bara ya kashe a bayan buhunan gero, guda biyar, ita da babanta suka haƙa musu rami. Ta sauke tsintsiyar, kuma a gaskiya ba tsintsiyar kaɗai ta sauka ba, har da zuciyarta.

Kafin wata biyu salularta ba ta hutawa.

"Gimbiyar Tahaggart, yau na kama uku, amma zuciyata na gun mai tsintsiya."

"Malam Tarko, ka ci abinci kuwa, ko sardin ɗin maguna ka lashe?"

Komai na tafiya daidai, har manyansa sun sa ranar zuwa gaisuwa, sai Tasi'u ya tafka kuskure. Ya kama wani ƙaton muzuru mai tabo a hanci, bai san ba na titi ba ne zalla. Shi ne Jandarma, mai gadin buhunan Alhaji Tijani, baban Salima. Alhajin da ke ɗaure fuska yana cewa ba ruwansa da dabba, ashe kullum bayan asuba shi ke zuba masa madara a marfin kwano.

Kwana biyu madarar na bushewa a marfi. Ana cikin haka Abdurrazak mai sayar da atamfa, wanda ya daɗe yana zarya kan Salima ba ta kula shi, ya zo ya zauna a bencin Alhaji.

"Baba, ni dai ba na son gulma. Amma mutumin da ke tara maguna a keji, wa yake kai wa in ba boka ba?"

Kai, Abdurrazak! Allah ya shirya.

Rana ta uku Tasi'u ya iso da kejin, yana ba da haƙuri tun daga nesa. Jandarma ya fito yana miƙa. Alhaji ya sunkuya zai shafa shi, sai ya ga kunnen hagu a datse. Ya miƙe a fusace.

"Ina sauran kunnen? Wa ka kai wa? Fita mini daga ƙofa! 'Yata ba ta auren mai tsafi."

Salima ta wuni tana kuka a ɗaki. Da la'asar saƙo ya shigo.

"Hasken idona, kar ki yi musu da Baba. Laifina ne, da na tambaya kafin in ɗana tarko. Amma ban san yadda zan yi da raina ba in na rasa ki."

Ta share fuska, ta haɗa shayi, ta kai wa babanta ta durƙusa.

"Baba, ban zo roƙon aure ba. Kai ka koya mini kar in yanke wa mutum hukunci da maganar baki. Ka je ka ga bokan da idonka. In boka ne, ni da kaina zan kore shi."

Alhaji ya daɗe yana juya kofin. "To. Gobe ya zo ya kai ni."

Washegari ya hau bayan moton Tasi'u, fuska a murtuke, carbi a hannu saboda ko-ta-kwana. Sai ga shi a ɗaki fes mai warin magani, wata mata da farar riga tana wanke wa kyanwa ciwo. Khalida ta yi masa bayani da Larabci: ana datse kunnen ne don a gane wadda aka riga aka yi wa aiki, kar a sake kama ta a wahalar da ita.

Alhaji ya saki baki. Shi da ya tashi yana kiwon awaki a Tanut!

"Ashe shaida ce! Irin wadda muke yi wa awaki a kunne. Ni kaina na tsaga kunne ya fi ɗari."

Da ya dawo gida, Abdurrazak da ya zo gaisuwa bai samu benci ba.

Ranar ɗaurin aure aka cika titi maƙil, magina da 'yan kasuwa, har Khalida ta aiko da tiren dabino. Salima tana daga ciki, kunne a jikin taga. Jandarma kuwa ya yi ƙiba, yana kwance kan tabarma kusa da liman.

Da aka shafa fatiha, ta ji babanta ya kira ango.

"Tasi'u, na ba ka Salima, Allah ya yi muku albarka, ya zaunar da ku lafiya. Amma ka sani, ka hana Jandarma zuriya." Ya riƙe hannunsa gam. "Don haka gidan nan kai za ka cika mini shi da jikoki."

Taro ya ce amin cikin dariya. Salima ta ja mayafi ta rufe fuska, ita ma ta faɗi nata amin ɗin a hankali.