An Narkar da Fuskar Baba

Ƙarfe uku da 'yan mintoci na rana aka buga wa Sufeto waya daga zauren baje kolin zane-zane. Ya ture kwanon abincinsa, ya ɗauki hula, Saje ya ja mota.

Manajan zauren ya tare su tun daga bakin ƙofa, yana ta zufa. Jibi za a buɗe baje kolin wata mai zane da kowa ke kira Auta, ga shi an lalata babban zanenta. Ya ce ba sai an sha wahala ba, maigadi ne, shi kaɗai aka bari da ma'aikata suka fita cin abinci.

Sufeto ya shige ciki.

Zanen ba na fenti ba ne. Kakin zuma ake narkarwa a gauraya da launi, a shafa a allon katako da zafinsa, shafi kan shafi. Alluna goma sha bakwai na rataye lafiya lau. Na goma sha takwas, wanda aka ba bango guda shi kaɗai, hoton wani tsoho ne a kujera. Hannuwansa na nan, kujerar na nan. Daga ƙirji zuwa hula kuwa sai farin katako.

Auta na tsaye a gabansa, idonta a bushe. Ta ce mahaifinsu ne, watansa biyar da rasuwa. Har zaren tsohuwar rigar aikinsa ta warware ta binne a cikin kakin.

Sufeto ya durƙusa ya shafa daɓen da ke ƙarƙashin allon.

"Saje, in kyandir ya narke, ina yake zuwa?"

"Ƙasa, yallaɓai."

"To nemo mini ɗigo ɗaya."

Saje ya yi rarrafe har ya ɓata gwiwar wandonsa. Ko ɗigo babu. Allon ma ba inda wuta ta ƙona shi.

A caji ofis maigadi ya rantse bai ɗaga daga kujerarsa ba. Tsoho ne. Sufeto ya aika aka tambayi mai shayin tsallaken titi, mai shayi ya ce ai kusan awa guda maigadin ya yi a bencinsa yana musun ƙwallo.

Da aka gaya masa, maigadi ya sunkuyar da kai. Ya ce tsoron kora ne ya sa shi ƙarya. Amma da ya dawo ya tarar da tagogin zauren duka huɗu a wangale, shi ya rufe su.

"Ta nan ɓarawo ya shiga ke nan," in ji Saje.

"Ta tagar da ke da sandunan ƙarfe? Sai dai in ɓarawon naka mage ne."

Duk da haka maigadi ya kwana a bayan kanta. Manaja ya riga ya shigar da ƙara, kuma ba kowa a hannu sai shi.

Washegari da safe Sufeto ya je ɗakin aikin Auta. Takardun gayyata daga zauruka daban-daban manne a bango, jaka a bakin ƙofa kamar ta mai shirin wata tafiyar. Ya roƙe ta ta nuna masa yadda ake aikin. Kafin ta taɓa komai sai ta buɗe tagogi. Ta zura tiren ƙarfe a ƙarƙashin allo, sannan ta kunna 'yar fitilar gas tana yawo da harshen wutar a kan kakin ba tsayawa.

Ya tambayi dalili. Ta ce hayaƙin kaki na kama ƙirji, tire kuma don kada ɗigo ya salwanta. Haka Baba ya koyar, wanda ya manta sai ya sha rankwashi.

"Jiya an buɗe tagogin zaure," in ji Sufeto. "Kuma ba ɗigo a ƙasa."

Hannunta ya tsaya. Kakin ya fara hayaƙi, ta yi maza ta janye wutar.

"Wa kuma Baba ya koya wa?"

"Ba kowa. Ni kaɗai ce."

"To shi ke nan. Gobe maigadi zai gurfana a kotu. Jikoki huɗu ne a hannunsa, in ji shi."

Ya kai bakin ƙofa kafin ta yi magana, ba ta ko juyo ba. Ta ce tana da yaya, tana koyarwa a cibiyar koyon sana'a da ke bayan tasha.

Ajin a ƙasan bene yake. Mata takwas zaune gaban rishonsu, wata doguwar mace mai tabon ƙuna a yatsu tana zagayawa a tsakaninsu. Malama suke ce mata. Sufeto ya jira aka tashi. Ya lura da wani zane da aka jingine a bayan kabad, fuskarsa na kallon bango. Ya juyo da shi, ya daɗe yana kallo. Bai san zane ba, amma bai ga inda na zaure suka fi wannan ba.

Malama ta ce rabonta da zauren nan ya fi shekara. Me za ta je yi? Waɗancan wuraren na masu suna ne.

"Ba a gayyace ki ba?"

"An aiko mini da kati. Irin wanda aka aika wa mai wankin motarta."

Gwangwanayen kaki na jere a kanta, kowanne da launinsa, duk a buɗe. Ɗaya ne kawai aka rufe, aka naɗe da ɗankwali. Sufeto ya miƙa hannu.

"Wannan ba na aji ba ne," in ji ta.

Ya buɗe. Kaki ne ruwan ƙasa, launuka sun cakuɗe sun daskare. A ciki ga zarurruka shuɗɗa kwance kamar jijiyoyi.

Daidai nan Auta ta shigo, ashe ta biyo bayansu. Ta leƙa gwangwanin, ta dafa bango.

"Yaya."

"Kar ki ce mini Yaya."

Malama ta zauna a kujerar ɗalibai, ta faɗi komai ba tare da an matsa mata ba. Shekara tara tana jinyar tsohon. Ita ke ɗaga shi, ita ke wanke shi, ita ke narka masa kaki da hannunsa ya daina riƙe cokali. Auta kuwa tana gari-gari, yau baje koli, gobe lacca, sai dai ta bugo waya. Shi kuma duk baƙon da ya shigo sai ya ciro jarida ya nuna masa hoton Autarsa. Ko sau ɗaya bai ce a juyo masa da zanen da ke bayan kabad ba.

Jiya ta je ne don ta ga zanen kafin jama'a su cika. Ta tarar ba kowa a ƙofa. Kayan aikinta na cikin jaka, don daga can aji za ta wuce.

"Na san hoton da ta kwaikwaya," in ji ta. "Ina tsaye a bayan kujerar, hannuna a kafaɗarsa. Ta shafe ni ta sa labule. A ƙasa kuma an rubuta, 'Daga 'yar da ta gaji hannunsa.'"

"Manaja ne ya rubuta," in ji Auta.

"Labulen fa? Shi ma Manaja ne?"

Auta ta juya ga Sufeto ta ce ta yafe, a bar maganar. Ya ce ƙarar ba tata ba ce, ta zaure ce, kuma akwai tsohon da ya kwana a kan siminti saboda wannan gwangwani. Sai Malama ta je ta ba da bayani da bakinta kafin a sake shi.

Saje ya ciro ankwa, Sufeto ya girgiza masa kai. Malama ta bi rishon ajin ɗaya bayan ɗaya ta tabbatar an kashe, ta ɗauki mayafinta.

A bakin mota Saje ya buɗe but zai jefa gwangwanin. Rana ta take, ƙarfen motar ba ya taɓuwa.

"Ɗan nan, kar ka sa shi a nan," in ji Malama. "Zai narke."

Auta ta miƙo hannu biyu. Malama ta dube ta, sannan ta dubi Sufeto, ta ce:

"A ba ni in riƙe shi har mu isa. Na saba."

Sufeto ya ce a ba ta. Ta ɗora gwangwanin a cinya, ta rufe shi da gefen mayafi, Saje ya ja ƙofa.