Mai Kwalba Ta Zo Auna Kwata

Almakashi ya fito ta ƙofar baya da buhun ƙyallaye a kafaɗa, yana 'yan waƙe-waƙensa, sai ya yi turus. Wata budurwa ce tsugune a bakin kwatar masana'antar ɗinkin babansa, ta sa safar hannu, tana ɗibar baƙin ruwan rini a 'yar kwalba kamar mai ɗibar turare.

"Malama, lafiya? Wannan ruwan ko akuya ba ta sunsuna shi."

Ta ɗago ta yi murmushi. Nan take ya manta da nauyin buhun.

"Shi ya kawo ni. Kamfanin da ke sayen rigunanku ne ya turo ni. Suna son sanin ruwan da kowace riga ke sha, da wutar da take ci, da abin da kuke zubarwa. Kai kuma buhun nan ina za ka kai shi?"

"Bola."

"Ajiye shi tukuna."

Ta ciro ɗan sikeli mai ƙugiya daga jaka, ta rataye buhun, ta zaro ido.

"Duk wannan na yau kaɗai? Wa ke yankan yadi a nan? Ya kamata a ja masa kunne!"

Ya karkato da kansa. "Ga kunnen nan, a ja a hankali."

Ta fashe da dariya har kwalbar ta kusa suɓuce mata.

Shi ne ɗan mai masana'antar, shi ke yankan yadi, shi ya sa kowa ke kiransa Almakashi. Ita kuwa kafin azahar teloli sun raɗa mata Mai Kwalba, sunan ya bi ta.

Daga ranar aiki ya zame masa biki. Ita tana ɗaura mita a kan bututun ɗakin rini, tana leƙa janareta, shi kuma yana ƙirƙiro dalilin wucewa ta wajen. Idan ta gama sai ta tsaya a teburinsa, su yi ta jujjuya takardun yanka a kan yadi, ana cusa hannun riga a gefen wuya, ana matse aljihu a lungu, don kada yadi ya tafi a banza. Wata la'asar ya aika mata saƙo:

"Mai Kwalba, ƙyallen da ya rage yau bai cika tafin hannu biyu ba! Sai dai akwai abin da sikelinki ba zai iya ɗauka ba, yana nan cikin ƙirjina."

Amsa ba ta daɗe ba:

"Almakashina, bakinka ya fi sunanka kaifi. Ka ajiye mini ƙyallen in gani da idona. Na ƙirjin kuma a bar shi ya ƙara nauyi."

Ya yi ta maimaita wannan "na" ɗin da ta liƙa wa sunansa, har ya yanke hannun riga ɗaya ya fi ɗaya tsawo.

Amma ba kowa ne ke murna ba. Manajan masana'antar, ɗan wan Baba, shi ma ya ƙyasa. Ya kawo mata lemo mai sanyi ta ce ta ƙoshi, ya ce zai kai ta gida a mota ta ce ta gode. Da ya ga inda hankalinta ya karkata, sai ya koma kunnen Baba: yarinyar nan rufe masana'anta ta zo yi, idan ta rubuta abin da ke cikin kwata, kamfani zai janye, teloli su koma gida.

Don haka ranar da Almakashi ya durƙusa ya faɗi abin da ke ransa, Baba ko kallonsa bai yi ba.

"Wadda ta zo tona mana asiri, ita za ka kawo mini gida? Ba da yawuna ba."

"Baba, gyara ta zo yi."

"Tun kafin a haife ta nake rini. Tashi ka ba ni wuri."

Mama ta bi shi har ƙofa tana raɗa masa, "Bi shi a sannu. Babanka tsoro yake ji, ba ƙiyayya ba ce."

Ranar awo na ƙarshe, Mai Kwalba ta tsuguna a bakin kwata ta ga ruwa garau kamar na sha. Ta gwada, ta sake gwadawa. Ruwan famfo ne zalla. Manaja ya matso yana gyara wuyan riga.

"Ni ba na son gulma, amma saurayinki ne ya saki famfo a nan, ya karkatar da na rinin ta wani wajen. Ɗa ai ba ya ƙin ubansa."

Ta tattara kwalabenta ta tafi. Almakashi yana tsakiyar yanka wayarsa ta yi ƙara:

"Na ɗauka da gaske kake. Ashe da ni da aikina duk abin wasa ka mai da mu. Wanda ya wanke kwata don idona, me zai ɓoye mini gobe? Kada ka neme ni."

Ya kira, a kashe. Ya ruga ɗakin rini kamar zai tashi sama. Tsohon marinin da ke wajen ya nuna masa bayan katanga da haɓa, ya ce Manaja ne ya kawo mai gyaran famfo. Almakashi ya haura ya leƙa. Ga sabon bututu nan yana kwarara baƙin ruwa cikin rafin da masu lambu ke ban ruwa da shi.

Bai je wajen Manaja ba. Ofishin Baba ya nufa.

"Baba, ban zo da maganar aure ba. Don Allah ka taso ka ga wani abu. In ka gani ka ce in yi shiru, zan yi."

Suka bi rafin a ƙafa. Ruwan ya yi shuɗi-shuɗi, yana kumfa, wari na tashi. A lambun farko wani dattijo ya ɗago daga cikin kunyoyin alayyafo. Abokin Baba ne na ƙuruciya.

"A'a, mai masana'anta da kansa! Ka zo ganin launin da ka zaɓa wa alayyafona? Da can kaɗan-kaɗan yake zuwa, yau kuwa har da gudu."

Ya faɗa da raha, amma ganyen da ke hannunsa ya ƙone ta gefe. Baba ya karɓa ya juya shi.

"A rafin nan na koyi iyo," ya ce a hankali. Ya juyo ga ɗansa. "Ba ni lambar yarinyar nan."

Da kansa ya kira ta da wayarsa, aka yi sa'a ta kunna tata, ya gaya mata wanda ya sa bututun, ya ce ta zo ta rubuta gaskiya komai ɗacinta. Manaja kuwa aka mai da shi sito, ya je ya yi ta lissafin maɓallai.

Da ta iso, ta kasa haɗa ido da Almakashi.

"Na yanke maka hukunci ban auna ba. Ka yafe mini."

"Ke da ba kya yarda da komai sai kin gwada sau biyu? Ni kaɗai aka yi wa awon ido!"

"Na tuba, Almakashina."

"To an yafe, hasken idona. Zo mu yi aiki."

Ta rubuta gaskiya, ta haɗa da tsarin gyara, kamfani ya ba su lokaci. Masana'anta ta ɗauki harama. Aka gina tankunan tace ruwa a jere, na tsakuwa, na yashi, na gawayi, aka sauya maganin rini da marar ƙarfi. Ruwan ɗauraya na ƙarshe aka riƙa mai da shi na farkon wani yadin. Teloli mata suka ƙwace buhunan ƙyalle suna ɗinka jakunkuna, har ana rububi. Baba da ke cewa ba ruwansa, shi ne ya hau tsani yana nuna inda za a kafa sola.

Ranar da ta dawo da sakamakon gwaji, tun daga bakin ƙofa take ɗaga takarda tana gudu.

"Ya sauka! Ruwan da riga ke sha ya ragu fiye da rabi, na kwata kuma ya kai a sake shi cikin rafi!"

Kekunan ɗinki suka tsaya cak, ɗaki ya kaure da sowa. Tsohon marini ya jefa hularsa sama, ta faɗa cikin bahon rini, ta fito shuɗiya. Baba ya yi dariya har da hawaye, sannan ya yafito ta.

"'Yata, da saura kuwa?"

"Da saura, Baba. Janareta har yanzu yana hayaƙi."

"To aikin da ke da saura ba a barin mai shi ya yi nisa. Ki gaya wa mahaifinki muna tafe."

Ta rufe fuska da mayafi ta ruga waje. Almakashi ya rasa inda zai sa kansa, sai ya rungume marini, rigarsa ta sha rini ta tashi daga aiki.

Aka ɗaura aure cikin taron dangi da teloli da masu lambu. Da aka kawo su gaban iyaye, Mama ta riƙe hannun amarya ta ƙi saki, Baba kuma ya dafa kan ɗansa.

"Na so in hana ka alheri don tsoro, Allah bai nufa ba. Ka riƙe ta amana. Ke kuma 'yata, idan ya karkace ki faɗa masa gaskiya, ko ni ban tsira ba. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zuri'a ta gari, ya sa ku tsufa tare."

Ɗaki ya amsa da amin. Almakashi ya sunkuya ya raɗa mata, "Kin ji, an ba ki izini a kaina."

"Na ji," ta ce, tana murmushi a ƙarƙashin mayafi. "Kuma ba zan yi wasa da shi ba."