Lakar da Sanjida Ta Tauna

Abin da Emdad ya fara lura da shi ɗan ɗigon laka ne a gefen leɓenta. Tana tsugune a bakin ramin da aka haƙa bayan makarantar da yake koyarwa, gyale ɗaure a ƙugu. Tana cikin ɗaliban jami'a da aka turo daga birnin Sylhet su duba ƙasar da za a ɗaga ganuwa da ita, kafin ambaliya ta sake cinye shinkafar ƙauyen Dalagaon.

Yana kallo ta gutsuri laka kamar ƙwayar wake, ta ɗan tauna da haƙoran gaba, ta tofar.

"Baiwar Allah, in yunwa ce akwai shayi da biskit a ofis."

Ta ɗago ta harare shi. "Aiki nake yi, Malam."

"Da baki?"

"Da haƙori. Tsakuwa ido ya ishe ta. Yashi kuwa in ka murza a yatsa ka san manya ne ko ƙanana, masu kaifi ne ko kogi ya goge su sun mulmule. Amma garin ƙasa da yumɓu, in sun jiƙe, laushinsu ɗaya a hannu. Haƙori ne ke raba su. Garin ƙasa ƙaras-ƙaras yake yi, yumɓu kuwa santsi kamar man shanu. In aka yi muku ganuwa da garin ƙasa, ruwan farko zai tafi da ita."

"Wannan fa?"

"Ƙaras."

"Ashe mun shiga uku."

Ta so ta ɗaure fuska, dariya ta ƙwace mata. Sunanta Sanjida.

Daga ranar Emdad ya zama mai yawan uzuri a bayan makaranta. Kafin a gama aikin, lambarta tana wayarsa da sunan Mai Laka.

"Mai Laka, yau me aka ci? Garin ƙasa ko yumɓu?"

"Yumɓu mai kyau daga gabashin gari. Ka ci abinci, Malam, na ga ka rame."

"Tunaninki ne. Iyayena za su zo wurin Abbunki."

Suka zo wurin mahaifinta kuwa, aka kai sukari da pan, ganyen da ake taunawa kamar goro, aka sa rana bayan girbi.

A nan Goggo Rokeya ta shigo zancen. Ƙanwar mahaifin Emdad ce, ta daɗe tana yi wa 'yarta tanadinsa. Wata safiya a bakin tafki, mata sun cika suna wanki, ta saki maganar kamar ba komai.

"Ni dai da idona na gan ta tana cin ƙasa. Ba sau ɗaya ba. Ku da kuka haihu, wa kuka sani yana cin ƙasa?"

Duk macen da ke wurin ta san shikor, gasasshen yumɓun da masu ciki ke saye a kasuwa suna ɓoyewa a bakin zani. Kafin azahar gari ya ɗauka: amaryar Malam Emdad da cikinta za ta shigo.

Mahaifiyar Emdad ta tare shi a ƙofar kicin.

"Naka ne ko na wani? Faɗa min gaskiya!"

"Ammu, wallahi aikinta ne!"

"Aiki! Na haifi biyar, ni za ka koya wa? Ta je asibiti a gwada ta, in ba haka ba babu aure."

Da Emdad ya tsaya a nan, da da sauƙi. Sai ya shiga kwale-kwale ya hau mota har Sylhet, ya sami Sanjida a ƙofar ɗakin gwajinsu, hannunta riƙe da rariyar tace yashi.

"Ni na san ƙarya ce," ya ce yana kallon ƙasa. "Amma da kin daure kin yi gwajin nan, kawai don a rufe musu baki."

Ta ajiye rariyar a hankali.

"Maimaita."

"Mai Laka, ki fahimce ni..."

"Kar ka sake kirana da wannan sunan! Kai ne mutum na farko a garinku da ya ga na tauna laka. Kai na yi wa bayani da bakina, kana dariya. Yau kai ne ka hau mota ka zo ka ce in je a bincike ni kamar akuyar da za a saya?"

"Ammu ce ta..."

"Ammunka ba ta sani ba. Kai ka sani! Ka tsaya a gabanta, ka kasa cewa a'a. Wuce ka tafi, Emdad. Babu asibitin da zan je. Ku zauna ku zuba wa cikina ido, tun da aikin da garinku ya iya ke nan."

Da Abbunta ya ji, ranar ya mayar da kayan sa rana, har da sukarin.

Saƙonnin Emdad suka yi ta shigowa wayarta.

"Na yi kuskure. Ba na neman uzuri."

"Sanjida, ko zagi ne ki turo min."

Ta karanta duka. Ta yi kuka, ta share, ta koma kan rariyoyinta tana girgiza su da ƙarfin da ya wuce ƙima. Amsa ɗaya ta ba shi:

"A bainar jama'a aka ɓata sunana. Kar ka zo min da ban haƙuri a waya."

Ranar Juma'a da hantsi Emdad ya sauka bakin tafki ɗauke da faranti, curin laka biyu a kai. Maza ba sa zuwa wurin a irin wannan lokacin. Mata suka ja gyale, wanki ya tsaya.

Ya gutsura ya tauna a gabansu. "Wannan ƙaras. Da shi aka yi tsohuwar ganuwar da ta fashe, kowa a nan ya san abin da muka ci a waccan shekarar." Ya gutsuri ɗayan. "Wannan santsi. Shi ta nemo mana." Ya juya, laka a haƙoransa, idonsa jawur. "Goggo, kin gan ni da idonki ina cin ƙasa. Wata nawa gare ni?"

Wata yarinya ta tuntsire da dariya, sauran suka bi.

"Marar kunya!" in ji Goggo Rokeya. "Ni kake yi wa haka saboda 'yar birni?"

"Ke kika fara, a nan inda kike tsaye. Ni kuma na fi ki laifi, don na san gaskiya na je ina roƙonta ta wanke kanta."

Mahaifiyarsa tana gefe da kwandon wanki. Ta matso, ta sa yatsa ta lakato na farkon, ta kai bakinta. Ta yamutsa fuska. Ta lakato na biyun. Ta juya wurin Goggo.

"Rokeya," ta ce, "'yar mutane muka ci wa mutunci."

Ammu da kanta ta je Sylhet. Abbu ya bar ta a zaune har shayinta ya huce kafin ya fito. Sanjida ta gaishe ta da ladabi, ba ta yi murmushi ba.

"Na yafe miki, Ammu. Amma auren sai bayan damina. Ina so kowace mace a Dalagaon ta gan ni da kyau kafin in shiga gidanku."

Haka aka yi. Duk daminar ta riƙa zuwa duba ganuwa, tana bi ta bakin tafki a miƙe, ba ta gaggawa. Emdad yana binta da lema daga nesa. Sai da ruwa ya fara janyewa ta waiwayo wata rana.

"Matso mana, Malam. Lemar taka iska take yi wa inuwa?"

"Kin huce?"

"Saura. Za ka ƙarasa biya a gida."

Aka ɗaura aure ranar wata Alhamis. Tsakar gida ya cika da ƙamshin kifi da shinkafa. Ammu ta riƙo hannun amarya ta ɗaga murya yadda na bayan katanga ma za su ji.

"Wannan 'yata ce. Allah Ya yi muku albarka, Ya ba ku zaman lafiya da zuriya a lokacin da Ya so. Duk wanda ya sake taɓa sunanta, ni ya taɓa."

Mata suka amsa da amin. Sanjida ta ɗago ido daga ƙarƙashin jan mayafinta, ta sauke shi a kan Goggo Rokeya da ke zaune can ƙarshen tabarma. Ba ta kawar da kai ba.

Goggo ta dubi farantin da ke gabanta, ko loma ɗaya ba ta kai ba. Ta tura shi gefe, ta laluba takalmanta, ta bi ta ƙofar baya zuwa inda kwale-kwale suke.